Yadda Waliyyullahi Ya Rubuta Mana Takardar Neman Inji

Layinmu na unguwar Diguel rami ne, ba wani ɓoye-ɓoye. Duk ruwan da aka yi a unguwa sai ya gama yawonsa ya zo ya kwanta a ƙofar gidajenmu, in kuwa ya kwanta ba ya tashi sai watan Oktoba. Mun saba da tattare wando, mun saba da jera buhunan yashi. Wanda bai sabu ba shi ne ɗakin Gwaggo Hansatu mai turare, da ruwa ya yi damina uku yana cin gindinsa har bango ya tsage daga sama zuwa ƙasa. Kowa ya san in aka ƙara damina ɗaya a haka, ɗakin nan zai faɗo mata.

Ana cikin haka Alhaji Ɗayyabu, shugaban layinmu, ya dawo daga ofishin shiyya da labari. An samu injin zuƙar ruwa guda ɗaya tak, za a ba layi ɗaya ya riƙe har ƙarshen damina. Layi biyu ke nema, mu da layin bayanmu na 'yan gawayi. An ce kowane layi ya rubuta takardar kokensa, ranar Alhamis wakilin ofis zai zo a karanta a gabansa, ya ga wanda ya fi buƙata.

Aka zauna shawara a gindin darbejiyar ƙofar shagona, don ni tela ne, sunana Ummaru. Na ce a je wajen masu rubuta wasiƙa na bakin gidan waya, su rubuta mana abu gajere a wuce wurin. Ban rufe baki ba na ji gyaran murya a bayana, na kuwa san mai ita.

Waliyyullahi ɗan wan Gwaggo Hansatu ne. Shekara shida ya yi yana aikin fotokopi a wani shago kusa da makarantar sakandare, kuma duk takardar da ta bi ta hannunsa sai ya karanta rabin shafin farko kafin ya miƙa wa mai ita. Da haka ya zama likita, ya zama lauya, ya zama masanin taurari. Biro uku yake jerawa a aljihun gaba, ja da shuɗi da baƙi, ko da jana'iza zai je.

Ya ce, "Masu rubutun bakin gidan waya? Haba Alhaji! Waɗannan ai 'yan cike fom ne. Tambaye su rubutu iri nawa ne a duniya, ka ga in za su iya ba ka amsa."

Alhaji ya ce, "To iri nawa ne?"

"Huɗu." Ya ɗaga yatsu yana lanƙwasa su ɗaya-ɗaya. "Akwai na siffantawa, wanda zai sa mai karatu ya ga abu kamar yana gabansa. Akwai na ba da labari. Akwai na bayani, mai fayyace yadda abu ke faruwa. Sannan akwai babban yayansu, na shawo kai, wanda in ka karanta wa mutum sai ya miƙo maka abin da bai yi niyyar bayarwa ba. Kowanne da aikinsa."

Na ce, "Mu wanne muke buƙata?"

"Duka."

"Duka kuma?"

"Mutanen layin baya da ɗaya za su zo. Mu mu je da huɗu. Kai da kake tela, mai riga ɗaya da mai riga huɗu wa ya fi?"

Na ce, "In ya saka su duka lokaci ɗaya a zafin Afrilu, ai sai a kai shi asibiti."

Ba wanda ya taya ni dariya, don Alhaji ya riga ya faɗa tarkonsa. Kallon Waliyyullahi yake yi yana gyaɗa kai, yana cewa ashe muna da irin wannan a layi muke neman na waje. Gwaggo Hansatu, da ta zo karɓar ɗinkinta ta tarar da zancen, ta ce, "Waliyyu, ni dai ka rubuta musu ɗakina ya tsage."

Ya ce, "Gwaggo, bar ni da aikina. In na gama da shi, wakilin nan a ka zai ɗauko injin ya kawo miki har ƙofa."

Ranar Litinin ya fara da siffantawa. An yi ruwa ranar Lahadi, layi ya cika, sai ya zo ya ari tef ɗin awona wai zai auna zurfi. Na ce ya tsaya daga baki ya zura sanda. Ya ce marubuci ba ya siffanta abu daga nesa, sai ya shiga cikinsa. Ya tattare wando, ya ɗaga littafinsa sama, ya shiga yana ƙirga taku da ƙarfi don kowa ya ji. A taku na tara ya samu ramin da aka haƙi ƙasar bulo bara. Muka ga littafi kawai a sama da hannu ɗaya. Da ya fito babu takalmi ƙafa ɗaya, babu tef ɗina, ga ledar taliya a kafaɗarsa. Ya tofar da abin da ya tofar ya ce, "Zurfi ya tabbata."

Abin da ya rubuta da farko, wallahi gaskiya ne, har da wari da sauro da komai. Da ya tsaya nan da mun ci. Amma Waliyyullahi ba zai rubuta abu ya ajiye ba, sai ya bi gida-gida yana karanta wa mutane don a yaba masa.

Gidan Alhaji Ɗayyabu ya fara shiga. Ya karanta masa cewa in an yi ruwa, masan gidan shugaban layi kan cika ya tumbatsa ya malalo tsakar gida. Alhaji ya miƙe zaune.

"A gaban jama'a za ka karanta wannan?"

"A gaban jama'a, Alhaji."

"Har da mutanen layin baya, da ɗana ke neman aure a cikinsu? So kake su ce za su kai 'yarsu gidan da masai ke yawo? Goge."

"To me zan sa?"

"Ka ce gida ne mai albarka. Ƙarya na yi?"

Aka goge. Hamdiyya mai sayar da shinkafa da miya a bakin layi ta ji an rubuta ƙudaje da wari, ta biyo shi da ludayi a hannu. Ta ce in ya kuskura ya ambaci ƙuda ɗaya a gaban masu cin abincinta, a tukunyar miya zai ga littafinsa. Liman Abdulmuhaimin ya ce shi dai ba da yawunsa za a kai ƙarar ruwan sama ba, rahama ce, a fara da godiya a ƙare da godiya. Ni ma, don kada in wanke kaina, na ja shi gefe na ce ya cire maganar ruwa na shiga shagona, saboda masu kawo shadda in suka ji ba zan ƙara ganinsu ba. Har yau in na tuna sai in ji haushin kaina.

Duk inda aka goge sai ya bar gurbi, shi kuma gurbi ba ya zama a takardar Waliyyullahi. Ya shiga cikewa da kalmomi masu daɗi, ya kuwa gano ya fi jin daɗin waɗannan. Kafin la'asar ya zo shagona idonsa na ƙyalli, ya ce, "Ummaru, ashe da safe ɓata tawada na yi. Siffantawa ai ƙawatawa ce. Saurari wannan." Ya karanta min yadda ruwa ke kwanciya a layinmu luf kamar madubi, agwagi na iyo, kwaɗi na tasbihi, iska mai sanyi na kaɗawa.

Na ce, "Wannan wane gari ne? Ina so in koma can."

Ya ce ba laifina ba ne, almakashi kawai na sani.

Ranar Talata ta ba da labari ce. Ya ce dole wakili ya san asalinmu, don haka ya zauna gaban Alhaji da littafi. Alhaji ya faro daga kakansa da ya taso daga Katsina a ƙafa zai je Makka, ya iso garin nan jakinsa ya mutu, ya ce bari ya huta ya samu wani, hutun da ya haifi 'ya'ya goma sha huɗu. Shafi uku suka ci. Labari ya kai kunnen Liman, ya zo da carbi a hannunsa.

"Wane jaki? Jakin kakana ne! Aronsa kakanka ya yi a Dikwa."

"Aro? Kakanka da ya zo da gora da sanda, ina ya ga jaki?"

"Farin jaki mai yankakken kunne! Gidanmu kowa ya san shi!"

"Baƙi ne!"

Dattawa biyu masu furfura suka tsaya gemu da gemu a kan jakin da ya mutu tun kafin a haifi iyayensu. Waliyyullahi ya shiga tsakani ya ce a kwantar da hankali, ilimi ya riga ya warware irin wannan, zai rubuta jakuna biyu. Jin haka duk mai kaka ya taso. Wanda kakansa ya zo da raƙumi ya zo, wanda ubansa ya zo daga Maiduguri da motar goro shekaranjiya ma ya zo. Na ga ana rabo ba da ni ba, na rufe shago na je na sa nawa kakan. Magariba ta yi mana da shafi goma sha ɗaya, babu ɗigon ruwa a ciki sai na kogin da kakanni suka ƙetare.

Gwaggo Hansatu ta tare shi a hanyar masallaci ta ce, "Waliyyu, ka sa ɗakin?"

"Yana ciki, Gwaggo. Na yi masa wuri na musamman."

Ranar Laraba ya ce saura bayani, kuma bayani ba a yin sa da ka, sai da gwaji. Ya je ya ɗauko tulun Gwaggo ƙirar garin Gaoui, wanda take ji da shi, ya cika da ruwa, ya saɓa a kafaɗa ya nufi layin baya. Nufinsa ya zuba ruwa a can ya bi shi ya ga inda zai gangara. Muka bi shi mu wajen shida, don ba a barin irin wannan kallo ya wuce. Bai samu wurin zubawa ba sai ƙofar Malama Na'ima, malamar firamare, wadda ita mutanen layin baya suka ba rubutun tasu takardar. Tana shara ya kwarara mata ruwa a gaban tsintsiya.

Ta ɗago ta ce, "Da shunu? Mene ne haka? Malam Waliyyu, damina ba ta ishe mu ba sai ka kawo ƙari?"

"Bincike nake, Malama. Ba za ki gane ba. Ina taku takardar?"

"Na gama tun Litinin."

"Shafi nawa?"

"Layi biyar."

Ya sauke tulu a kan dakali don ya ji daɗin dariya. "Layi biyar! Wane iri kika yi a cikin huɗun? Siffantawa, ko labari, ko bayani, ko shawo kai?"

"Irin wanda ake ba mutum inji."

"Babu wannan a littafi."

"To sai mu ga ranar Alhamis."

"Malama, ni gaisuwata kaɗai ta fi takardarki tsawo."

Ta ce, "Na yarda. Ga tulunka can yana tafiya."

Ashe da ya jingina da dakali yana dariya, gwiwar hannunsa ta ture tulun. Ya gangara a hankali, ya bi kwatar layin, ya karya kwana, Waliyyullahi na binsa da gudu yana kiran a tare. Ba wanda ya tare. Tulu ya shiga layinmu ya ci gaba da gangarawa, sai da ya kai ƙarshe ya daki dutse ya tarwatse a bakin kududdufi. Waliyyullahi ya tsaya a kan fasassun yana haki, can sai fuskarsa ta washe. Ya ce, "Kun gani? Ko tulu ya san nan ne ƙasa!" Ya zauna nan take ya zana taswira da birukansa uku, kibiya ja daga kowane layi tana nuno namu. Taswirar ta yi kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Gwaggo kuwa da ta ji labarin tulu sai ta dube shi har sai da ya sunkuyar da kai.

Na shawo kai bai bari kowa ya gani ba. Ya ce makami ne, ba a zare shi sai a fili. Ya dai tambayi Alhaji kamannin wakili, Alhaji ya ce shi ma bai taɓa ganinsa ba. Waliyyullahi ya ce ba komai, manyan ofis duk kama ɗaya gare su.

Ranar Alhamis da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, aka jera kujeru, layi biyu suka hallara maza da mata. Waliyyullahi ya fito cikin babbar riga, rungume da takardu shafi ashirin da uku. Da Faransanci ya rubuta, ya kuma ce zai riƙa juya mana da Hausa jimla bayan jimla, don kada kowa ya yi asarar komai. Can sai ga a-kori-kura ɗauke da injin, ja, sabo fil, da tiyonsa a naɗe. Ƙofa ta buɗe, wata 'yar siririyar mata ta sauko, da takalmin roba har gwiwa da gilashi a ido. Muka ci gaba da leƙen mota muna jiran wakili. Ta yi sallama da Larabci ta ce ita ce aka turo, injiniya ce, kuma tana da wasu unguwanni uku kafin azahar, a taimaka a gaggauta.

Malama Na'ima ta fara. Ta miƙe da 'yar takarda ta karanta: "Ruwa na shiga gida goma sha ɗaya a layinmu. Bara katanga biyu sun faɗi. Muna da tsofaffi huɗu da ba sa iya fita in an yi ruwa. Muna roƙon a ba mu injin. Za mu zuba masa mai, mu tsare shi." Ta zauna. Na ji ciwo a raina, don namu gidajen da ruwa ke shiga sun haura ashirin.

Waliyyullahi ya tashi yana murmushin tausayi. Ya gyara riga, ya buɗe shafin farko, wanda ashe na shawo kai ne, ya ɗaga murya.

"Ya kai namijin duniya! Ya kai dogo mai cika ido, mai faffaɗan ƙirji, mai gemun dattaku wanda in ya shafa shi ƙasa ke girgiza!"

Da Faransancin kaɗai matasan layin baya suka fara tuntsurawa da dariya. Shi kuwa da yake ya yi alkawari, sai da ya juya da Hausa, sannan sauran jama'a suka samu nasu rabon. Hamdiyya ta toshe baki da mayafi kafaɗunta na rawa. Na ga ya leƙa gaba a takardar yana neman inda gemun ya ƙare, ya juya shafi, gemu na nan.

Wakiliya ta gyara gilashi ta ce, "Malam, tsallake gemun. Ci gaba."

Ya tsallake shafi biyu ya faɗa siffantawa. Madubi ya zo, agwagi suka zo, kwaɗi suka yi tasbihinsu da harshe biyu. Wakiliya tana ta rubutu a ɗan littafinta. Da ya kai gida mai albarka ta ɗaga hannu ta dubi Alhaji.

"Kai ne shugaban layi? Ruwan nan na damun gidanka?"

Alhaji ya waiga ya ga uban yarinyar da ɗansa ke nema zaune a kujerar gaba, mutumin ya zuba masa ido. Alhaji ya ce, "Alhamdulillahi. Lafiya lau muke."

Ta juyo kaina. "Shagon nan fa? Ruwa na shiga?"

Ga wani attajiri da ya kawo min shadda turmi biyu jiya a tsaye a gefena. Na ji bakina ya ce, "Ko ɗigo."

"Sauro fa? Ƙudaje?"

Hamdiyya ta yi caraf ta ce, "Mafi! Babu ko ɗaya!"

Waliyyullahi ya ga ana tabbatar da rubutunsa, ya ƙara kumbura, ya shiga labari. Kakan Alhaji ya taso daga Katsina. Kafin ya iso Dikwa wakiliya ta duba agogo sau uku, hadari kuma ya fara haɗowa daga gabas. Da aka zo kan jakuna biyu Liman ya miƙe ya ce shi bai taɓa yarda da biyu ba, ɗaya ne kuma fari. Alhaji ya ce baƙi. Sai da uban yarinyar nan ya taso daga kujerarsa ya raba su.

Wakiliya ta ce, "Kalas, kalas, ya isa haka. Akwai wani abu game da ruwa a takardar nan?"

"Akwai bayani, ranki ya daɗe!" Ya zaro taswira ya baje.

Nan ta taso ta karɓa. Ta daɗe tana bin kibiyoyin da yatsa, ta ɗaga kai ta dubi gangaren layi, ta sake duban takarda. Ta ce, "Wa ya zana wannan?"

"Ni ne!" Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kaina.

"Ka kyauta, ka rage min aiki. Da ma ina tunanin inda za a juya bakin tiyo in an zuƙe ruwan layin baya. Tunda nan ne ƙasa, ku kuma kun ce ba ya damun ku, sai a sako shi ta kan layinku ya gangara kududdufi."

Waliyyullahi yana tsaye da murmushinsa, bai riga ya gane ba. Sai muryar Gwaggo Hansatu ta taso daga cikin mata.

"Ɗakina fa?"

Wakiliya ta ce, "Wane ɗaki, Hajja?"

"Ɗakina da ya tsage. Waliyyu, karanta mata wurin na musamman."

Ya shiga juya shafuka. Ya samo a shafi na bakwai, ya karanta ƙasa-ƙasa, ta ce ya ɗaga murya. "A nan ne kuma shahararriyar mai turare Hajiya Hansatu ke zaune, a ɗaki mai wadatar iska da haske."

Gwaggo ta tako har gabansa. "Iska da haske?"

"Gwaggo, in na rubuta ya tsage, ai cewa za a yi ɗan wanki na nan bai gyara ba."

"Ƙarya za a yi?"

Wakiliya ta karɓi takardun duka ta bi su da sauri, sannan ta ce, "A wane shafi kuka roƙi injin?"

Ya ce yana gaba. Ta ce ta kai ƙarshe. Ya ce to yana baya. Ya karɓa ya laluba daga farko, ya lasa yatsa ya sake lalubawa, gumi na ɗiga a kan jakuna. A shafi ashirin da uku babu inda kalmar inji ta fito. Ya ɗago ya ce, "Ai babban marubuci ba ya roƙo ƙiri-ƙiri. A jikin takardar ake jin sa."

Malama Na'ima ta ce daga inda take, "Mu dai mun ji gemu."

Gwaggo ba ta tsaya dariya ba. Ta kama hannun wakiliya ta ja ta har cikin gida, jama'a na biye. Wakiliya ta zura hannu a tsagar bango, hannun ya fita ta waje har wuyansa. Ta fito fuskarta ta sauya. Ta ce tiyo kam ba za ta juyo mana ba, za a ja shi ta wata hanya, don ta ga abin da ta gani. Amma inji takarda yake bi, ofis kuma abin da aka rubuta aka sa hannu yake karantawa. In ta kai tamu, gaishe mu za a yi da zama lafiya. Ta dubi Gwaggo ta ce, "Hajja, don Allah daga yau kada ki ƙara kwana a ɗakin nan."

Muna tsaye a-kori-kura ta karya kwana ta shiga layin baya, mata na guɗa. Alhaji ya ce laifin Waliyyullahi ne, Liman ya ce na Alhaji ne, ni na koma shago na sa kaina a keken ɗinki don kada a zo kaina.

Gwaggo ba ta shiga rabon laifi ba. Ta kira majiya ƙarfi huɗu suka ɗauki gadonta da akwatunanta da kaskon turare da kwalaben humra, ta wuce gaba suna biye. Ba ta tsaya ko'ina ba sai ɗakin Waliyyullahi, ɗakin siminti mai dakali uku a kan layi, inda ruwa bai taɓa hawa ba. Ya biyo ta da babbar riga a hannu.

"Gwaggo, ni fa? Ina zan kwana?"

"Ga nawa can. Akwai iska, akwai haske."

"Gwaggo, zai faɗo!"

"Au, ka sani?"

Ta sa aka fito masa da katifa da buhun takardunsa aka ajiye a dakali. Ta ce ba za ta fita ba sai ranar da ya gina mata wani da hannunsa. A teburin yankana ya yi daminar nan, yana kwana da ƙarar injin layin baya a kunne, da safe kuma shi ne kan gaba a jerin masu kwashe ruwa da bokiti. Ɗakin Gwaggo ya zube a ruwa na uku, da la'asar, ba kowa a ciki sai tsohuwar tabarma.

Yanzu wata biyar ke nan da ɗaukewar ruwa. Waliyyullahi ya kai jeri na huɗu na bulo, bayan ya rushe na farko sau biyu don ya ƙi tambayar magini. Gwaggo ba ta gaggawa. Takan zauna a dakalinsa da hantsi tana haɗa turare, masu saye duk sun koyi sabon wuri. Makon jiya ma ta sa an canza kwaɗon ƙofar.